Wake Ɗaya a Cikin Ƙididdiga

A ce an tura ɗalibi Kasuwar Kawo da ke Kaduna ranar Talata, ya auna raguna talatin, ya rubuto nauyin kowanne da kuɗinsa. Da ya dawo gida yana shigar da lambobin a kwamfuta, yatsa ya kuskure, sifili ɗaya ya ƙaru a kan kuɗin wani rago. Idan ya ja layin da ke nuna dangantakar nauyi da farashi, ragon nan shi kaɗai zai karkatar da layin, sauran 29 su rasa ta cewa. Wake ɗaya ya ɓata gari.

Laifin yana cikin tsohuwar dabarar da ake koya wa kowa a aji. Bafaranshe Adrien-Marie Legendre ne ya buga ta a 1805, Carl Friedrich Gauss na Jamus ya biyo da tasa a 1809. Ana ɗaukar tazarar kowace lamba daga layi a ninka ta da kanta, a nemi layin da jimillar ta fi ƙanƙanta. To tazarar 10 ta zama 100, ta 1,000 ta zama miliyan, don haka wanda ya fi kauce hanya shi ke da babbar murya. Tun 1757 Roger Boscovich ya gwada tara tazarar yadda take ba ninkawa, amma lissafin da hannu wahala ne, aka yi watsi da shi.

Sai a 1960 John Tukey na Amurka ya nuna cewa gurɓatattun lambobi kaɗan sun isa su raunana tsohuwar dabara. A 1964 Peter Huber, mutumin Suwizalan, ya kawo sulhu: lambar da ke kusa da layi a bi da ita yadda aka saba, wadda ta yi nisa a rage mata nauyi, ba a kore ta ba. Peter Rousseeuw na Beljiyam ya zo a 1984 da hanyar da ke jurewa ko da kusan rabin lambobin sun lalace, Victor Yohai na Ajantina ya haɗa wannan juriya da daidaito a 1987.

Rage nauyi maimakon kora shi ne abin da ya fi kama hankalina. A Unguwar Rimi da ke Kaduna akwai cibiyar binciken ciwon barci da sammore, wadda aka kafa a 1947 domin ƙasashen Afirka ta Yamma. Mai aiki irin nasu, in ya kafa tarkon tsando ashirin ya ga ɗaya ya cika maƙil sauran sun kama biyu-biyu, ba lallai kuskure ba ne. Ta yiwu tarkon nan ne ke bakin rafin da shanu ke sha. Share shi zalunci ne ga gaskiya, barin sa ya juya sakamako ma haka.

Waɗannan dabaru sai an yi ta maimaita lissafi, saboda haka tarihinsu ya haɗe da na harsunan kwamfuta. John Chambers da abokansa sun fara harshen S a Bell Labs a 1976. A farkon shekarun 1990 Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙiri R a Jami'ar Auckland, suka gina shi yadda yawancin abin da aka rubuta da S zai yi aiki a cikinsa. Shi ya sa umarnin rlm na jan layi mai juriya, wanda Venables da Ripley suka tanada domin S-PLUS, wani nau'in S, ya ƙaura R ba wata wahala. Tsakanin uba da ɗa an fahimci juna.

Da maƙwabta kuwa magana ta sha bamban. Manhajojin SPSS na 1968 da Stata na 1985 kowa da ɗabi'arsa. Fayil dai yana tsallakawa, domin kayan aiki irin su haven suna karanta na wannan cikin wancan. Ma'ana ce ba ta tsallakawa. In ba a ce masa komai ba, rlm yana amfani da ma'aunin Huber mai iyaka 1.345. Umarnin rreg na Stata kuwa yakan fara fitar da lambar da tasirinta ya wuce kima, ya yi zagayen Huber, sannan ya ƙare da ma'aunin Tukey. Akwai kuma kalmar robust da ake liƙa wa umarnin regress a Stata, wadda ba ta taɓa layin sam: kimanta kuskurensa kawai take gyarawa, bisa aikin Halbert White na 1980. Ragon nan mai ƙarin sifili yana nan daram yana jan layi.

Ga ɗalibin Jami'ar Jihar Kaduna ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tudun Wada, wannan ba zancen littafi ba ne. Malami ya saba da manhajar da lasisinta sai da dala, ɗalibi ya koma R tunda kyauta ne, su zuba lambobi iri ɗaya su ga amsa biyu, kowa ya zargi ɗan'uwansa da kuskure alhali babu mai laifi. Ina ganin duk kundin kammala karatu da ya ce ya yi amfani da dabara mai juriya, ya kamata ya faɗi manhajar da fitowarta, da ma'aunin wa aka bi, da lambobi nawa aka rage wa nauyi, a kuma koma takardar Kawo a duba ragon.