Tukunyar Zango Da Kalandarta Biyu

Jama'a, duk wanda ya tashi a Sabon Badun, ko Agege, ko Shagamu, ya san tukunyar gidansu shekara biyu take bi a lokaci guda: shekarar Arewa da shekarar Kurmi. Yadda hakan ta samo asali tarihi ne da ya kamata 'ya'yanmu su sani, domin akwai abin da muke neman yasarwa a cikinsa.

Kakanninmu fatauci ya kawo su, na shanu da na goro. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai tafiyar da ayari ke yi wata da watanni ta koma ta 'yan kwanaki. A 1916 aka keɓe wa Hausawan Badun unguwar Sabo. Daga nan zama ya kama, aka yi aure, aka haihu, tambaya ta zama: me za a ɗora a murhu?

A gida shekara a tsare take. Damina lokacin ɗanyen ganye ne, su rama da tafasa da zogale da yakuwa. Kaka a cika rumbu da gero da dawa da wake. Da hunturu ya kama sai shanya: a yanka kuɓewa a baza, a daka kuka, a busar da karkashi da barkono. Abin da aka shanya shi ke riƙe gida har bazara ta wuce. Amma a Kurmi sai suka tarar ruwa na sauka tun watan Maris ko Afrilu, ba ya ɗaukewa sai wajen Oktoba ko Nuwamba. Hunturun kuwa leƙowa kawai yake yi. Mace ta shanya kuɓewa yau, jibi ta tarar ta yi fumfuna. To, ina dabara?

Dabarar ita ce aka raba aikin. Shanya a bar wa 'yan'uwa na gida. Duk wanda ya je ganin gida, ko ya rako shanu, ba ya dawowa hannu rabbana: ga ƙullin kuka, ga daddawa, ga busasshiyar kuɓewa, ga man shanu a kwalba. Tsarabar nan ba kwalliya ba ce, ita ce miyar wata uku.

Ɗanyen kaya kuwa sai iyayenmu mata suka koya daga makwabta. Suka gane ewedun Yarabawa lalo ne da suka baro a bayan gida, iru kuma ɗan'uwan daddawa ne, daga ƙwayar ɗorawa duka suke, sai dai nasu a jiƙe ake sayarwa. Suka koyi miyar agushi da manja, da tuƙa amala. Suka san ɗanyar masara na fitowa tun ana tsakiyar shuka a Arewa, sabuwar doya ta biyo baya, agwaluma kuma sai rani. Shi ya sa har gobe a gida ɗaya za ka ci sakwara da rana, da dare a kawo maka tuwon dawa miyar kuka, kuma ba wanda zai ce an yi baƙon abu.

Babban canji ya zo da noman rani. An gama dam ɗin Tiga a 1974, na Bakolori a 1978. Ruwa ya shiga gonakin Kadawa da Kura da Talatar Mafara, manyan motoci suka fara sauke kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu da buhunan albasa a Mile 12 da Shasha. Da yawa cikin 'yan ƙungiyarmu da wannan sana'a suka yi gida. Jar miya, wadda a da sai an yi baƙo ko ranar salla, ta zama ta kullum. Alhamdu lillahi, ci gaba ne. Amma fa sai yaranmu suka tashi suna ganin tumatir ba shi da lokaci, suna raina miyar kuka, wai abincin tsofaffi.

Alhali kuwa yana da lokaci. Daga Janairu zuwa Maris yakan yi araha har a zubar da shi a bakin kasuwa. Daga Mayu zuwa Yuli kuma sai mai hali. A 2016 tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina, kuɗin kwando ya ninka sau da yawa. A 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha, aka tsayar da motocin abinci na 'yan kwanaki: kaya na ruɓewa a Arewa, a nan kuma ana neman na miya ido rufe. Gidajen da ba su ji jiki sosai ba su ne masu tsohuwa a ciki, wadda ba ta rabuwa da kauɗar tumatir da garin kuka a gwangwani.

Wannan shi ne darasin. Masu iya magana sun ce da sanyin safiya ake kama fara. In tumatir ya faɗi, uwargida ta saya da yawa, ta markaɗa, ta tafasa har ruwan ya ƙone, ta zuba a kwalba mai tsabta, ta rufe samansa da mai. Kada a dogara da firji kaɗai, kowa ya san halin wutarmu. Mai zuwa gida da kaka a ba shi sautun kuɓewa da karkashi da kauɗa. Gidaje huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi buhun albasa lokacin da take sabuwa, a baza ta inda iska ke shiga. Uwa-uba, a zaunar da 'yan mata, har da samarin, a nuna musu yadda ake kaɗa kuka ba gudaji.

Kakanninmu ba su da firji, ba su da injin markaɗe, amma sun ciyar da zango shekara da shekaru da sanin lokacin kowane abu. Allah ya jiƙansu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe abin da suka bar mana, amin.