Kofin Asuba: Yadda Shayi da Barasa Suka Haɗu a Tarihin Birtaniya

Duk ranar 25 ga Disamba, tun gari bai waye ba, al'ada takan juye a barikokin sojan Birtaniya da dama. Hafsoshi da manyan saje ne ke fara tashi. Sukan ɗauki tukunyar shayi su bi ɗaki-ɗaki suna tashin ƙananan sojojin da aiki ya hana su zuwa gida bikin Kirsimeti. Soja na kwance a gadonsa, shugabansa zai miƙa masa kofi da hannunsa. Baƙin shayi ne, babu madara, an tsiyaya masa ram, wato barasar da ake yi da ruwan rake. Sojojin suna kiran wannan haɗin ganfaya, ma'ana harbin bindiga, kuma ana danganta sunan da igwar da ake bugawa da sassafe a bariki don tashin mutane.

Bahaushen da ya saba da teburin mai shayi, da burodi da wainar ƙwai, zai yi mamakin abin da ya kai barasa cikin kofin karin kumallo. Amsar tana cikin tarihi mai tsawon shekara ɗari uku da ɗoriya, wanda ya ratsa ta Sin da Indiya da gonakin bayi na Jamaika, kafin ya kai ramukan yaƙi na Faransa.

Wuski ya riga shayi zama a tsibiran Birtaniya. Sunan ya fito daga harshen Gelik na mutanen Sikotland da Ayaland, inda ake ce masa ruwan rai. Rubutu mafi daɗewa da ya ambace shi a Sikotland yana cikin littafin baitulmalin sarki na wajen 1494, inda aka ba wani malamin coci mai suna John Cor tsiron sha'ir domin ya haɗa wa Sarki James na Huɗu. Shi kuwa shayi sai a shekarun 1650 ya iso Landan, yana da tsada ƙwarai, sai masu hali. Gimbiya Catherine ta Fotugal, wadda ta auri Sarki Charles na Biyu a 1662, ta taimaka wajen mayar da shi abin yayi a fada. Haraji ya yi masa nauyi har ya kai kashi 119 cikin ɗari, fasa-ƙwauri ya bunƙasa, sai a 1784 Firaminista William Pitt ƙarami ya sauko da shi zuwa kashi 12 da rabi. Daga nan ne ganyen ya shiga bukkar talaka.

Wanda ya bar mana hoton haɗuwar abubuwan biyu da safe shi ne marubucin nan Samuel Johnson, mai shahararren ƙamus na Turanci, mutumin da aka sani da shan shayi kofi bayan kofi. A 1773 ya zaga tsibiran yammacin Sikotland tare da abokinsa James Boswell, ya buga labarin tafiyar a 1775. Ya ruwaito cewa namiji a tsibiran da zarar ya fito da safe sai ya kora ƙaramin kofin wuski, abin da suke kira sikalk. Bayan wannan ne ake shimfiɗa karin kumallo, da shayi da gahawa da man shanu da zuma. Johnson ya yaba karin kumallon Sikotland matuƙa, amma shi kansa sau ɗaya ya ɗanɗana wuskin, a garin Inveraray, don ya ji abin da mutanen ke ji. Tunda kwalba da buta suna tebur guda, a ƙasar da sanyi da ruwan sama ba sa ɗagawa, ba a daɗe ba aka fara zuba ɗaya cikin ɗaya.

Sunayen irin waɗannan haɗe-haɗen kuwa daga Indiya suka zo. Abin da Turawa ke kira todi, wato wuski da ruwan zafi da sukari ko zuma da lemon tsami, wani lokaci a sa shayi a madadin ruwan, asalin kalmarsa tari ce ta harshen Hindi. Ma'anarta ruwan da ake tatsa daga bishiyar dabino ko giginya ya yi tsami, irin abin da Bahaushe ke kira bammi. Ma'aikatan Kamfanin Gabashin Indiya ne suka kai kalmar gida. Haka nan fanc, wanda ake haɗawa a babban kwano a sha a taro: masana da yawa suna danganta sunan da kalmar biyar a Hindi, saboda kayan haɗinsa biyar ne, barasa da sukari da lemo da ruwa, na biyar ɗin kayan ƙamshi ko shayi.

Wani abin lura shi ne, mutanen Sikotland ne a bayan cinikin duka biyun. Robert Bruce ne ya sami labarin ganyen shayin Assam a 1823 daga mutanen Singfo, waɗanda suka daɗe suna shansa, kuma a Janairun 1839 aka yi gwanjon shayin Assam na farko a Landan. Robert Fortune ya shiga cikin ƙasar Sin a ɓoye daga 1848, sanye da tufafin mutanen ƙasar, ya kwaso iri da tsire-tsire da ƙwararrun ma'aikata ya kai Indiya. James Taylor ya fara noman shayi a gonar Loolecondera ta tsibirin Silon, Siri Lankar yau, a 1867. Sai Thomas Lipton, ɗan birnin Gilasgo, wanda ya sayi gonaki a Silon a 1890 ya riƙa sayar da ganyen cikin ƙunshi mai araha. Sunansa ne har yau yake kan teburin mai shayi daga Kano zuwa Maraɗi, har ya zama sunan ganyen kansa a bakin mutane.

A gefe guda kuma, manyan sunayen wuski da yawa daga kantunan kayan masarufi suka taso. John Walker ya buɗe kanti a garin Kilmarnock a 1820, 'yan'uwan Chivas kuma a Aberdeen suke. Irin waɗannan kantuna suna sayar da shayi, kuma mai kanti ya saba gauraya ganye iri-iri don ɗanɗanon ya daidaita. Da dokar 1860 ta sauƙaƙa gauraya wuski iri daban-daban, hannun da ya ƙware a wancan aikin ya sami sabon abin yi.

Amma ba kullum shayi da barasa suke zaman lafiya ba. Da farko ma shayin aka tsana. William Cobbett, a littafinsa na tattalin gidan talaka na farkon shekarun 1820, ya zargi shayi da raunana ma'aikaci da ɓata wa mata lokaci, ya ce giyar sha'ir ta gida ta fi shi amfani. Ba a yi shekara goma sha biyu ba zance ya juya. A 1832, a garin Preston, Joseph Livesey da wasu mutum shida suka sa hannu kan alkawarin barin barasa gaba ɗaya. Ƙungiyoyin da suka biyo bayansu suka mai da shayi makaminsu: a tara ɗaruruwan ma'aikatan masaƙa a babban zaure, a jera butoci, tsofaffin mashaya su miƙe su ba da labarin yadda kwalba ta cinye musu albashi da iyali. Wannan jayayyar ta ƙetaro har ƙasarmu ta wata fuskar. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta amince a hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba ta riga ta yaɗu ba, kuma Lugard ya tsaya kai da fata a kan hana sayar da ita ga 'yan ƙasa a Arewacin Nijeriya, alhali a Kudu harajinta ne babban abin da ke cika baitulmalin gwamnati. Shi Baturen mulki dokar ba ta hana shi tasa kwalbar ba.

Inda kofin asuba ya sami gindin zama na gaske shi ne aikin soja, kuma a nan ram ce ta sha gaban wuski saboda arha. Ingila ta ƙwace Jamaika a 1655, gumin bayin da aka kwaso daga Afirka ya cika kasuwa da sukari da ram, rundunar ruwa ta fara raba ta ga matuƙa. A 1740 Admiral Edward Vernon ya ga yadda maye ke lalata aiki a jiragensa, ya ba da umarni a riƙa sirka rabon da ruwa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kai al'adar ƙololuwarta. Sojoji suna zaune cikin ramuka masu laka da ruwa a Faransa da Beljiyam, wata da watanni. Lokacin da aka fi tsoro shi ne asuba, domin da ita ake kai hari, don haka kowa sai ya tashi ya tsaya da bindiga tun duhu bai yaye ba. Bayan an sallami tsayuwar sai saje ya zo da tulun ƙasa mai cin galan ɗaya, an rubuta masa haruffa uku, SRD. Tulu guda rabon mutum 64 ne, kowa kimanin mililita 70, kuma a gaban hafsa ake sha don kada wani ya tara nasa. Da yawa sukan juye rabon cikin shayi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ruwan da ake kawowa bakin daga sau da yawa a tsofaffin gwangwanayen fetur yake zuwa, ga warin maganin kashe ƙwayoyin cuta, shayi da sukari da ram ne ke danne ɗanɗanon.

A ranar kai hari akan ba da rabon kafin a busa usur. Safiyar 1 ga Yulin 1916, da ƙarfe bakwai da rabi, sojan Birtaniya suka fito daga ramukansu a gaɓar kogin Somme. Kafin rana ta faɗi an kashe 19,240, jimillar matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace ta kai 57,470. Wanda ya riƙe wannan adadi a ransa zai gane cewa kofin nan ba na shagali ba ne. Hukuma ce ta auna shi, ta miƙa wa samari 'yan shekara goma sha tara da ashirin, domin ƙafarsu ta iya hawa tsani zuwa inda harsashi yake.

An yi gardama a kai tun yaƙin na ci. Sir Victor Horsley, babban likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ya rubuta a 1915 yana sukar rabon, yana cewa barasa tana rage wa soja saiti da juriya. Lloyd George, ɗaya daga cikin manyan ministocin Birtaniya, a shekarar, ya lissafa shaye-shaye cikin abokan gaban ƙasar tare da Jamus da Ostiriya, ya ce shi ne mafi haɗarinsu, Sarki George na Biyar kuma ya yi alkawarin ƙaurace wa barasa har yaƙi ya ƙare. Manjo Janar Reginald Pinney, wanda ba ya sha, ya dakatar da rabon a runduna ta 33 bayan ya karɓi ragamarta a 1916, sojojinsa suka riƙe shi a zuci. A ɗaya ɓangaren, wani likitan bataliyar Black Watch ya shaida wa kwamitin binciken firgitar yaƙi, wanda ya fitar da rahotonsa a 1922, cewa a ganinsa ba don rabon ram ba da ba a ci yaƙin ba.

Ilimin likitanci ya fi ba Horsley gaskiya. Barasa tana buɗe ƙananan jijiyoyin jini na fata, jini ya taso sama, mutum ya ji ɗumi alhali zafin cikin jikinsa fita yake yi. Ga wanda ya kwana cikin laka a tsakiyar hunturu, wannan ƙarin haɗari ne. Sinadarin kafin da ke cikin shayi kuma ba ya rage barasar da ke cikin jini ko kaɗan. Barci kawai yake korewa, sai mai maye ya ɗauka garau yake. Wannan ne ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni huɗu a Nuwamban 2010 kan abubuwan sha da suka haɗa barasa da kafin. Shi kansa shan safe alama ce da likitoci ke dubawa: cikin tambayoyi huɗu da Dakta John Ewing ya tsara don gano wanda shaye-shaye ya kama, ta ƙarshen ita ce ko mutum ya taɓa buƙatar kurɓa da sassafe kafin jikinsa ya daidaita.

Al'adar ba ta mutu ba, amma ta koma ta tunawa. A Ostireliya da Niyu Zilan, duk 25 ga Afrilu, bayan addu'ar asuba ta tuna saukar sojojinsu a Gallipoli a 1915, tsofaffin sojoji kan taru a yi karin kumallo mai sunan ganfaya, galibi da gahawa ko madara da ɗan ram. Rundunar ruwan Birtaniya ta raba ram na ƙarshe ranar 31 ga Yulin 1970, bayan hukuma ta yanke cewa hannun da ya sha bai dace da na'urorin jirgin zamani ba. Wasu matuƙan sun ɗaura baƙin ƙyalle a dantse a ranar.

Shayin kuwa bai gusa ba. A Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Birtaniya ta ɗauke shi kayan yaƙi, ta ƙayyade wa kowane mutum oza biyu a mako daga Yulin 1940, ba a ɗage ƙa'idar ba sai Oktoban 1952. Tun daga tankar Centurion da aka ƙera a ƙarshen wannan yaƙin, ana sa wa tankokin sojan Birtaniya tukunyar lantarki ta dafa ruwa a ciki, domin ma'aikatanta su haɗa shayi ba tare da sun fito fili ba. Tankar Challenger 2 da suke aiki da ita a yau ma tana ɗauke da ita.