Jami'ar Indiana da wahalar zawarcin 'yan wasan ƙwallon kwando

A Amurka, matashin da ya yi fice a ƙwallon kwando a makarantar sakandare yakan bi ta jami'a ne kafin ya kai ga gasar ƙwararru ta NBA. Don haka ne masu horar da ƙungiyoyin jami'o'i kan shafe watanni suna zarya gidajen yara 'yan shekara 16 ko 17, suna lallashin su da iyayensu.

A can baya Jami'ar Indiana da ke garin Bloomington ba ta shan wahala a wannan zawarci. Ƙungiyarta, wadda ake yi wa laƙabi da Hoosiers, ta lashe kofin ƙasa na hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, har sau biyar: a 1940 da 1953 da 1976 da 1981 da kuma 1987.

A kakar 1976 ta buga wasanni 32 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba. Uku daga cikin kofunan nan ta ci su ne a ƙarƙashin Bob Knight, wanda ya horar da ita daga 1971 zuwa 2000.

Sai dai kuma yaran da ake zawarci a yanzu ba a haife su ba sa'ad da aka ci kofin ƙarshe. Ko wasan ƙarshe na 2002, wanda Indiana ta sha kashi a hannun Maryland, ya girme su. Tutocin nasara biyar da ke rataye a zauren wasa na Assembly Hall, mai ɗaukar mutane sama da 17,000, sun fi motsa zuciyar iyaye da kakanni a kan ta yaran.

Jihar da ke haifar da 'yan wasa

Abin da ya sa lamarin ya fi ciwo shi ne, ba rashin 'yan wasa ke damun jihar Indiana ba. Ƙwallon kwando ya shiga jinin mutanenta. Yawancin manyan zaurukan wasa na makarantun sakandare a Amurka suna cikin jihar ne, kuma a 1990 sama da mutane 40,000 suka halarci wasan ƙarshe na gasar sakandaren jihar, domin kallon wani yaro mai suna Damon Bailey, wanda daga nan ya wuce Bloomington.

Tun 1939 ake ba gwarzon ɗan wasan sakandare na jihar wata lambar yabo da ake kira Mr. Basketball. Magoya baya kan auna mai horar da ƙungiyarsu ne da ko ya iya riƙe wanda ya ci wannan lamba a gida.

A zamanin Knight ma ba kowa ake samu ba. Larry Bird ya shiga jami'ar a 1974, amma bai cika wata guda ba ya tattara kayansa ya koma gida, daga baya ya yi suna a ƙaramar jami'ar Indiana State. A ƙarshen shekarun 1990 kuma wasu fitattun 'yan wasa sun bar ƙungiyar, ana ta ƙorafi a kan zafin zuciyar Knight. Hukumar jami'ar ta sallame shi a watan Satumba na 2000, bayan an zarge shi da damƙe hannun wani ɗalibi.

Daga nan ne ɓarakar ta faɗaɗa. A 2002 Sean May, ɗan garin Bloomington, wanda mahaifinsa Scott May ne tauraron ƙungiyar 1976, ya zaɓi North Carolina, kuma ya ci mata kofin ƙasa a 2005. A 2006 Greg Oden da Mike Conley, 'yan makaranta ɗaya a birnin Indianapolis, suka tafi Ohio State, suka kai ta wasan ƙarshe a shekara ta gaba. Gary Harris ya nufi Michigan State a 2012. Kyle Guy ya tafi Virginia a 2016, shi ma ya ɗaga kofi a 2019.

Wayar tarho

Mike Davis, wanda ya gaji Knight, ya sauka a 2006, aka ɗauko Kelvin Sampson daga Oklahoma domin ya toshe wannan ɓaraka. Da farko ya yi kamar zai iya, domin ya shawo kan Eric Gordon, ɗan Indianapolis, ya janye alƙawarin da ya yi wa Jami'ar Illinois.

Amma Sampson ya zo ne da takunkumi a wuyansa. A lokacin NCAA ta ƙayyade yawan kiran wayar da za a yi wa yaron da ake zawarci, kuma an same shi da mataimakansa da yin haramtattun kira 577 a Oklahoma. Ba a daɗe ba aka gano an ci gaba da karya dokar a Bloomington. Ya ajiye aiki a watan Fabrairu na 2008, NCAA ta ɗora masa takunkumi na shekara biyar, ita kuma jami'ar aka sa mata ido na shekara uku.

Wani abin mamaki shi ne, a 2012 NCAA ta sassauta dokar kiran wayar. Sampson kuwa ya koma Jami'ar Houston a 2014, har ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa a 2025.

Ɓarnar da aka bari a baya ba ƙarama ba ce. Kusan dukkan 'yan wasan sun watse, kuma Tom Crean, wanda ya karɓi ragama, ya ci wasa 6 kacal ya sha kashi a 25 a kakarsa ta farko.

Crean ya farfaɗo da ƙungiyar ta hanyoyi biyu. Ya yi nasarar riƙe Cody Zeller, gwarzon jihar na 2011, sannan ya riƙa tono yaran da manyan jami'o'i ba su damu da su ba. Cikinsu akwai Victor Oladipo daga jihar Maryland, da OG Anunoby wanda aka haifa a Landan, dukkansu masu tushe a Najeriya. A 2013 Oladipo ne na biyu da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA.

Indiana ta ci gasar rukuninta na Big Ten a 2013 da 2016. Duk da haka an kori Crean a 2017, kuma ɗaya daga cikin laifuffukan da magoya baya suka ɗora masa shi ne ya bari 'ya'yan jihar suna sulalewa.

Magajinsa, Archie Miller, ya yi abin da ake so. A watan Afrilu na 2018 Romeo Langford, gwarzon jihar na wannan shekara, ya bayyana a gaban dubban mutane a makarantarsa ta New Albany cewa Indiana zai tafi. Kaka ɗaya ya buga ya wuce NBA, ƙungiyar kuma ba ta ko sami shiga gasar ƙasa ba.

Wannan ya fito da wata matsala. Tun 2006 NBA ba ta ɗaukar wanda bai kai shekara 19 ba, don haka mafi hazaƙar yara kan yada zango ne a jami'a na shekara ɗaya. Jami'o'i irin su Kentucky da Duke sun saba ɗaukar irin waɗannan yara da yawa a lokaci guda, ita kuwa Indiana takan sami ɗaya ne, a ɗora masa nauyin jiha baki ɗaya. An sallami Miller a 2021, bayan masu hannu da shuni daga cikin magoya baya sun biya kimanin dala miliyan 10 na sauran kwantiraginsa.

Yawan sauya masu horarwa shi kansa makami ne a hannun abokan hamayya. Daga 2000 zuwa 2025 mutane shida aka naɗa a wannan kujera, ban da mai riƙon ƙwarya. Iyayen yaro kan so su san ko wanda ya zauna a falonsu ya yi musu alƙawari zai kai shekara biyu a kan aiki. Maƙwabciyarta Purdue, wadda ke cikin jihar, mutum ɗaya ne, Matt Painter, ya riƙe ta tun daga 2005, kuma ta kai wasan ƙarshe a 2024 tare da 'ya'yan jihar irin su Braden Smith.

Zawarci ya koma ciniki

Shekaru da dama abin da jami'a ke iya bayarwa a fili shi ne karatu kyauta da masauki da abinci. Tun da kowa abu ɗaya yake bayarwa, suna da tarihi da cikar zauren wasa su ne ke bambanta wata jami'a da wata, kuma a nan Indiana take da rinjaye.

Sauye-sauye uku suka rushe wannan tsari. A 2018 NCAA ta buɗe wani kundi a intanet, inda ɗan wasan da ke son sauya sheƙa zai sa sunansa ba tare da neman izinin mai horar da shi ba, kuma a 2021 aka soke ƙa'idar da ke tilasta masa zaman shekara guda kafin ya buga wa sabuwar jami'arsa. Daga ranar 1 ga watan Yuli na 2021 aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi ta hanyar tallace-tallace da sunansu da hotonsu. Sannan a watan Yuni na 2025 wata kotun tarayya ta amince da wani sulhu da ya bai wa jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai-tsaye, har kimanin dala miliyan 20 da rabi a shekarar farko, a duk wasanninsu.

Sakamakon haka mai horarwa ba yaran sakandare kaɗai yake zawarci ba. Dole ne a ƙarshen kowace kaka ya sake lallashin waɗanda ke hannunsa, domin kada wata jami'a ta taya su.

Ba za a ce Indiana matalauciya ba ce a wannan kasuwa, domin tana da ɗimbin tsofaffin ɗalibai masu buɗe bakin aljihu. Mike Woodson, tsohon ɗan wasan Knight da aka naɗa a 2021, ya kai ta gasar ƙasa a 2022 da 2023. Da ta gaza a 2024, kuma Liam McNeeley ya janye alƙawarinsa ya tafi Connecticut, sai aka shiga kasuwar sauya sheƙa da ƙarfi, aka ɗauko 'yan wasa da dama, ciki har da Oumar Ballo ɗan ƙasar Mali daga Arizona. An sa rai ƙwarai, amma a 2025 ma ba a sami shiga gasar ba, kuma Woodson ya sauka. Kuɗi sun kawo 'yan wasa, amma ba su haɗa kansu ba.

Akwai kuma sabon kishiya a cikin gida. Ƙungiyar jami'ar ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, mai kama da zari-ruga, ta daɗe tana cikin mafi rauni a ƙasar, amma a ƙarƙashin Curt Cignetti ta ci wasa 11 a kakar 2024 ta shiga gasar fitar da gwani ta ƙasa. A manyan jami'o'i wannan wasa ne ke kawo mafi yawan kuɗin talabijin, shi ne kuma ke kwashe kaso mafi tsoka na abin da ake raba wa 'yan wasa. Jami'o'in da ba su da babbar ƙungiya a wannan wasa, irin su Marquette da Creighton, suna iya karkata kuɗinsu ga ƙwallon kwando.

A watan Maris na 2025 aka naɗa Darian DeVries daga West Virginia, kuma ya gina ƙungiyarsa ta farko kusan baki ɗaya da 'yan sauya sheƙa, har da ɗansa Tucker. Gwarzon jihar na 2024, Flory Bidunga, haifaffen Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, ya riga ya tafi Kansas. Na 2025, Braylon Mullins, ya zaɓi Connecticut.