Sankarar tumbi: Alaƙarta da ƙwayar cuta da kuma ƙurjin hanta

Sankarar tumbi na daga cikin cututtukan daji da suka fi hallaka jama'a. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kusan miliyan ɗaya ne suka kamu da ita, yayin da fiye da 600,000 suka rasu.

Ta fi ƙamari a ƙasashen Japan da Koriya da Sin.

Me ke haddasa ta?

Babban abin da ke jawo ta shi ne wata ƙwayar bakteriya mai suna Helicobacter pylori, wadda wasu likitocin Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a 1982, suka kuma samu lambar yabo ta Nobel a 2005.

Akasari ana ɗaukar ƙwayar tun ana yara, musamman inda ake da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta. Tana zama a bangon tumbi shekaru da dama tana kumbura shi, har ta jawo gyambon ciki, a wasu ƙalilan kuma sankara.

A 1994 aka sanya ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji. Shan taba da yawan cin gishiri na ƙara haɗarin.

Binciken da aka yi a Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa galibin manya na ɗauke da ita.

Ina alaƙarta da hanta?

Jinin da ke fitowa daga tumbi da hanji a hanta yake fara zuba. Idan ƙari ya huda bangon tumbi, ƙwayoyin cuta kan bi jinin su isa hanta, su tara mugunya.

Alamun ƙurjin hanta sun haɗa da zazzaɓi da makyarkyata da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Idan ba a gano musabbabinsa ba, likitoci kan leƙa tumbi da hanji da na'ura, domin wani lokaci ƙurjin ne alamar farko ta sankara.

Akwai magani?

Ana gano ƙwayar ta gwajin numfashi ko na bayan gida, a kuma kashe ta da magunguna cikin kwana 10 zuwa 14.

Likitoci na gargaɗin cewa wanda ke rama ba dalili, ko aman jini, ko yin baƙin bayan gida, ya daina dogara da kanwa ko maganin ƙwannafi, ya garzaya asibiti.