Binciken masu amfani

Binciken masu amfani hanya ce ta nazarin mutanen da ake ƙera wa wani kaya, ko manhaja, ko hidima, domin a gano abin da suke buƙata, da yadda suke gudanar da al'amuransu, da inda suke shan wahala. Ana yin sa ta hanyar hira da mutane, da zuwa kallon su a wuraren ayyukansu, da ba su abin da aka ƙera su gwada a gaban mai bincike. Tushen fannin shi ne cewa abin da mutum ya ce yana yi sau da yawa yakan bambanta da abin da yake yi a zahiri, shi ya sa ake fifita lura da aiki a kan jin ra'ayi. Binciken yana cikin darussan farko da ake koya wa sababbin manajojin samfur, wato ma'aikatan da ke yanke shawarar abin da kamfani zai ƙera da abin da zai bari, kuma galibi a taron bita ake koyar da shi.

Tarihi

Fannin ya samo asali ne daga nazarin yadda ɗan Adam ke mu'amala da injuna. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, masanin halayyar ɗan Adam Alphonse Chapanis ya binciki haɗurran da jiragen yaƙin Amurka samfurin B-17 ke yi wajen sauka. Ya gano cewa maƙunnin tayoyi da na fiffiken rage gudu suna kusa da juna kuma kamarsu ɗaya, don haka matuƙin da ya gaji yakan janye tayoyin jirgin bisa kuskure. Da aka bambanta siffar maƙunnan biyu ta yadda hannu zai gane su ba sai an duba ba, sai irin wannan haɗari ya ragu ƙwarai. Abin da ake ɗora wa matuƙa laifinsa ashe daga ƙirar jirgin yake.

A kamfanin Bell Labs, sashen da John Karlin ya jagoranta ya gwada jerin lambobin tarho iri-iri a kan mutane kafin a tsayar da wanda ya sa 1, 2, 3 a sahun sama. An fara amfani da wannan tsari a 1963, kuma shi ne a wayoyin hannu har yau. A farkon shekarun 1980, Lucy Suchman ta cibiyar bincike ta Xerox PARC ta ɗauki bidiyon wasu ƙwararrun masana kwamfuta biyu suna fama da injin kwafar takardu wanda aka ce kowa zai iya sarrafa shi. Bidiyon ya nuna cewa wahalar ba ta rashin ilimi ba ce.

Don Norman ya wallafa littafinsa kan ƙirar kayan yau da kullum a 1988, kuma a 1998 shi da Jakob Nielsen suka kafa kamfanin Nielsen Norman Group, wanda ya yaɗa hanyoyin binciken a tsakanin masu gina shafukan intanet.

Hanyoyin bincike

Ana raba hanyoyin gida biyu. Akwai waɗanda ke ƙirga yawa, kamar takardar tambayoyi da ƙididdigar yadda mutane ke latsa manhaja. Waɗannan suna nuna abin da ke faruwa da yawan mutanen da ya shafa. Akwai kuma waɗanda ke neman dalili, waɗanda ake yi da mutane kaɗan amma a zurfafa. Fitattu daga cikinsu su ne:

* Hira: a zauna da mutum ɗaya a tambaye shi yadda yake yin wani aiki.
* Ziyarar wurin aiki: mai bincike ya je shago, ko ofis, ko gona, ya kalli mutum yana aikinsa yana yi masa tambaya, kamar almajiri a gaban gwani. Hugh Beyer da Karen Holtzblatt ne suka tsara wannan hanya.
* Gwajin sauƙin amfani: a ba mutum aiki takamaimai, misali ya tura kuɗi ta manhaja, a ce ya riƙa faɗin abin da ke ransa da baki yayin da yake yi. Clayton Lewis na kamfanin IBM ya bayyana wannan dabara a 1982.

Alaƙarsa da aikin manajan samfur

Ana danganta asalin aikin manajan samfur da wata takarda da Neil McElroy ya rubuta a kamfanin Procter & Gamble a 1931, inda ya nemi a ɗora wa mutum ɗaya alhakin kowace haja, kuma ya riƙa fita kasuwa da kansa yana gano dalilin da ya sa ba ta tafiya a wasu yankuna. Manajan samfur na yau ba lallai ne ya zama ƙwararren mai bincike ba, amma shi ke zaɓar inda za a kashe lokacin injiniyoyi da kuɗin kamfani. Idan zaɓin ya dogara da zato, ana iya shafe watanni ana gina abin da babu mai buƙatarsa.

Misalin da ake yawan bayarwa shi ne na M-Pesa a Kenya. A gwajin da aka fara a 2005, an tsara shi ne domin masu karɓar ƙananan rance su riƙa biyan bashi ta waya. Masu lura da gwajin sai suka ga mutane suna amfani da shi wajen tura wa juna kuɗi. Da Safaricom ya ƙaddamar da shi a 2007, a matsayin hanyar aika kuɗi gida ya tallata shi.

Taron bita ga masu koyon aiki

Taron bita kan binciken masu amfani yakan ɗauki rabin yini zuwa kwana biyu. Ana taƙaita lacca a cikinsa, domin yin tambaya da saurare ba su koyuwa sai da yi. Yawanci yana bin matakai huɗu.

Da farko mahalarta sukan rubuta abin da suke zato game da masu amfani, sannan su ware abin da suke da hujja a kansa da wanda hasashe ne. Daga cikin hasashen ake fitar da tambayar bincike.

Mataki na biyu shi ne tsara tambayoyin hira. Ana koya musu su guji tambayar da ke ɗauke da amsarta, kamar "Ba ka ganin wannan manhaja za ta sauƙaƙa maka ciniki?", da tambayar abin da bai faru ba, kamar "Za ka saya idan an fito da ita?" Mafi yawan mutane za su ce e don kada su ba mai tambaya kunya. A maimakon haka ana tambayar abin da ya riga ya wuce: yaushe ne karo na ƙarshe da mutum ya bi wani bashi, a ina ya rubuta, me ya faru da aka yi gardama. Littafin Rob Fitzpatrick na 2013, *The Mom Test*, a kan wannan batu ya tsaya: tambaya mai kyau ita ce wadda ko mahaifiyar mutum ba za ta iya yi masa kara wajen amsa ta ba.

Na uku shi ne gwaji. Ana raba mahalarta uku-uku: mai tambaya, mai amsawa, da mai rubutu, suna musayar matsayi. Kurakuran da aka fi gani a wannan mataki su ne katse mai magana, da gaggawar cike shiru, da komawa tallata kaya a tsakiyar hira, da miƙa hannu a nuna wa mai gwaji inda zai latsa. Idan da hali akan kawo masu amfani na gaske, domin abokin aiki ya riga ya san abin da ake so a ji.

A ƙarshe ana tace bayanai. Kowane abu da aka gani ko aka ji ana rubuta shi a ƙaramar takarda guda, a manna a bango, sannan a tara masu kama da juna har jigogi su fito. Masanin al'adu ɗan Japan Jiro Kawakita ne ya ƙirƙiro wannan dabara a shekarun 1960. Mai jagorantar taron yakan nace a raba abin da aka gani da fassarar da aka yi masa: "ta koma baya sau uku" lura ce, "ba ta son shafin" fassara ce.

Yawan mutanen da ake buƙata

A shekarar 2000 Nielsen ya bayyana cewa gwaji da mutum biyar kan bankaɗo kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, kuma ya fi kyau a yi ƙananan gwaje-gwaje da yawa a kan babba guda ɗaya. Binciken Laura Faulkner na 2003 ya nuna cewa sakamakon ya danganta da waɗanda aka zaɓo: wasu rukunan mutum biyar sun gano kashi 99, wasu kuwa kashi 55 kawai. Ƙa'idar ta shafi gwajin sauƙin amfani ne, ba ta isa a ce an san ra'ayin jama'a ba.

Ɗa'a da ƙalubale

Kafin hira ana bayyana wa mutum dalilin binciken, a nemi izininsa kafin a naɗi murya ko hoto, kuma yana da damar tsayawa duk lokacin da ya so. Dokoki irin su ta kare bayanai ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, da ta Najeriya ta 2023, sun ɗora wa masu tattara bayanan mutane alhakin kiyaye su.

Babban ƙalubale shi ne zaɓen waɗanda za a tambaya. Idan aka tsaya ga mazauna birni masu manyan wayoyi da ke jin harshen mai bincike, ba za a ga matsalar mai ƙaramar waya, ko wanda ba ya karatun boko, ko iyalin da ke amfani da waya ɗaya ba. A al'ummomin da ake yi wa baƙo kara, mutane kan yaba abin da aka nuna musu ko da ya ba su wahala, don haka masu bincike sukan fara da cewa kayan ake gwadawa ba mutumin ba, kuma su fi dogara da abin da hannunsa ya yi a kan abin da bakinsa ya faɗa.