Sulhu da Komawa Gida: Birnin Gwari da Darasin Falasɗinu

Duk wanda ya bi tarihin sulhu tsakanin al'ummomin da suka yi rikici zai ga cewa ajiye makamai ya fi mayar da mutane gidajensu sauƙi. Makami rana ɗaya ake ajiye shi, amma wanda gudu ya raba da gonarsa da iyalinsa yakan shekara da shekaru yana jira. Wannan ita ce matsalar da ke gaban ƙasar Birnin Gwari, kuma tarihin Falasɗinawa na iya haska mana ita.

Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, tana iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina. A cikinta ne Dajin Kamuku yake, wanda Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun namun daji na ƙasa a 1999, kuma yana haɗe da Dajin Kuyambana na Zamfara. Gudun hijira ba baƙo ba ne a nan. A ƙarshen ƙarni na 19 hare-haren Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora sun watsa garuruwan Gwari da Kamuku masu yawa, an kwashi mutane bayi, har sai da Turawa suka ci Kwantagora a 1901.

Bayan fiye da shekara ɗari sai ga dajin ya sāke zama mafakar masu bindiga. Abin ya faro da satar shanu da fashi a hanya, ya koma kisa da sace mutane don kuɗin fansa. A watan Oktoba 2012 an kashe mutum wajen 20 a Dogon Dawa, a watan Mayu 2018 kuma fiye da 40 a Gwaska. Ƙauyuka suka watse, wasu suka shiga cikin Birnin Gwari, wasu suka nufi Kaduna da Zariya da Funtuwa. Fulani makiyaya ma da yawa sun rasa garke sun bar rugagensu. Sai a ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi waɗanda suka ce sun tuba, aka sāke buɗe kasuwar kara wadda ta yi shekaru a rufe.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya waiwayi Gabas ta Tsakiya. A yaƙin 1948 Falasɗinawa wajen 700,000 suka bar gidajensu zuwa Gaza da Yammacin Kogin Jodan da Labanan da Siriya da Jodan. A Disamba na shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri na 194, wanda ya nemi a bar masu son komawa su zauna lafiya da maƙwabtansu su koma, a biya diyya ga waɗanda ba su so. A taron Lozan na 1949 Isra'ila ta ce za ta karɓi mutum 100,000, Larabawa suka ga sun yi kaɗan, maganar ta mutu. Abin da ya saura shi ne shirin haɗa iyali, wato barin mata da ƙananan yara su tarar da mazansu da iyayensu, kuma dubbai kaɗan ne suka amfana. Yarjejeniyar Oslo ta 1993 ta ɗage batun zuwa tattaunawar ƙarshe. A taron da Shugaba Kilinton na Amurka ya kira a 2000, Isra'ila ta sāke tsayawa a kan haɗa iyali na adadi ƙayyadadde, a matsayin jinƙai, Falasɗinawa kuwa suka ce komawa hakki ne ba alfarma ba. Yanzu masu rajista a matsayin 'yan gudun hijira, har da 'ya'ya da jikoki, sun haura miliyan biyar.

Gaskiya ne al'amuran biyu ba ɗaya ba ne. Can iyakar ƙasa da dokar gwamnati ke tare hanya, nan kuwa tsoro ne da bindiga, domin sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so. Nijeriya kuma ta amince da Yarjejeniyar Kamfala ta 2009, wadda ta ɗora wa gwamnati nauyin mayar da waɗanda rikici ya kora a cikin ƙasarsu. Duk da haka darasin ɗaya ne: batun da aka ɗage ba ya raguwa, ƙaruwa yake yi. Gonar da aka bari wani zai nome ta, dattawan da suka san iyaka za su rasu, yaron da ya tashi a Kaduna ba zai san hanyar ƙauyen ubansa ba.

Saboda haka bai kamata a auna sulhun Birnin Gwari da yawan shanun da suka shiga kara kaɗai ba. A tambaya: ƙauye nawa aka sāke zama? Wa zai raba gardamar gona da burtali tsakanin manomi da makiyayi? Ina waɗanda aka sace ba su dawo ba? Masarauta da hakimai da ardo-ardo su ne suka san kowane gida, su ya kamata a sa su ƙidaya waɗanda suka tafi tun da sauran masu shaida. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya mayar da kowa gidansa lafiya.