Daga Ƙudan Tsando zuwa Ciwon Daji: Tarihin Wani Turke

Gabatarwa

A kan titin Surame da ke Unguwar Rimi, arewa da kogin Kaduna, akwai wata tsohuwar cibiya da aka kafa domin binciken ciwon barci na mutane da sammore na shanu. Wanda ya ji sunanta ba zai kawo ciwon daji a ransa ba. Amma tambayar da aka shekara ana bi a wannan cibiya, wato yadda ƙwayar cuta ke ɓuya daga garkuwar jiki, ita ce masu binciken ciwon daji suke fama da ita a yau. Wannan muƙala za ta bi sawun tambayar, domin nuna cewa amsarta ta biyo ta kan maiƙon da ke lulluɓe kowace ƙwayar halitta.

Annoba da kafuwar cibiya

A shekarun 1930 ciwon barci ya yi ɓarna mai yawa a Arewacin Nijeriya, musamman a lardin Zazzau. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa aka sare kurmin bakin rafuka inda ƙudan tsando ke hayayyafa, aka tashi ƙauyuka a yankin Anchau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Masanin ƙwari T. A. M. Nash na cikin jagororin wannan aiki. Sai dai sare daji bai bayyana dalilin da ya sa jikin mutum ke kasa kawar da cutar da kansa ba. A 1947 aka kafa Cibiyar Binciken Ciwon Barci ta Afirka ta Yamma, hedikwatarta a Kaduna, da reshe a Vom. A 1964 ta koma hannun Nijeriya.

Tun farkon ƙarni likitoci sun lura cewa zazzaɓin ciwon barci zuwa yake yi yana komawa. Ƙwayoyin cutar su cika jini, garkuwar jiki ta karkashe su, bayan 'yan kwanaki kuma su sake cika shi. A 1965 A. R. Gray, wanda ke aiki a wannan cibiya, ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan dabbobi. Ya nuna cewa ƙwayar cutar tana sauya kamanninta bi da bi cikin wani tsari, kuma idan ta ratsa ta cikin ƙudan tsando sai ta koma kamanninta na farko. Ke nan kafin jiki ya gama ƙera makamin da zai kama ta, ta riga ta sauya riga.

Riga da turkenta

Mece ce wannan riga, kuma me ke riƙe da ita? Domin fahimtar amsar sai an waiwayi wani tarihin. A 1925 wasu masana biyu na ƙasar Holan, Gorter da Grendel, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka yanke cewa tantanin da ke kewaye da ƙwayar halitta maiƙo ne ninki biyu. A 1972 Singer da Nicolson suka ƙara da cewa wannan maiƙo ba a daskare yake ba, kuma sinadaran furotin na yawo a cikinsa kamar ƙwarya a kan ruwa.

A 1969 Keith Vickerman ya ga rigar ƙwayar ciwon barci da madubin ƙara girma mai amfani da lantarki. A 1975 George Cross ya ware furotin ɗin da aka saƙa ta da shi, wanda yawansa ya kai kimanin miliyan 10 a jikin ƙwaya guda. Sannan a 1988 Michael Ferguson da abokan aikinsa suka bayyana cikakkiyar surar abin da ke riƙe da furotin ɗin: wani ɗan guntun sukari ne haɗe da maiƙo, a kafe cikin tantani kamar turken da ake ɗaure akuya. Ana kiran sa turken GPI. Wannan ne karo na farko da aka gano cikakken ginin irin wannan turke a kowace halitta, kuma ba da daɗewa ba aka tabbatar cewa ƙwayoyin jikin ɗan Adam ma suna da nasu, mai ƙashin gini iri ɗaya.

Inda ciwon daji ya shigo

A cikin jini akwai wata rundunar furotin da aikinta shi ne huda tantanin duk ƙwayar da aka yi wa alamar baƙunta. Domin kada rundunar ta afka wa 'yan gida, ƙwayoyinmu na ɗauke da garkuwoyi biyu, CD55 da CD59, waɗanda duka turken GPI ke riƙe da su. Ƙwayoyin ciwon daji da dama sukan yawaita waɗannan garkuwoyi a jikinsu. Ƙwayar ciwon barci baƙuwa ce mai sauya riga. Ƙwayar ciwon daji kuwa 'yar gida ce mai fakewa da garkuwar gida, shi ya sa kama ta ya fi wuya.

A nan ma Nijeriya ta shiga labarin. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ciwon daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, wanda ya fi yawa a yankunan zazzaɓin cizon sauro. A 1963, a Ibadan, R. J. V. Pulvertaft ya raya ƙwayoyin wannan ciwo daga jikin wani yaro ɗan shekara 11, kuma har yau zuriyar waɗannan ƙwayoyi na rayuwa a ɗakunan bincike na duniya. Suna cikin waɗanda aka fi gwada maganin rituximab a kansu, maganin da Amurka ta amince da shi a 1997. A wannan shekarar ce kuma Simons da Ikonen suka gabatar da ra'ayin cewa a cikin tantani akwai ƙananan tsibirai na maiƙo mai kauri, inda kolestarol ya taru. Bincike ya nuna cewa idan rituximab ya kama alamar CD20 a jikin ƙwayar ciwon, yakan tattara ta cikin waɗannan tsibirai, abin da ke sauƙaƙa wa rundunar nan mai huda tantani aikinta. Ƙwayar da ta yawaita CD55 da CD59 kuwa takan fi jure harin. Ashe filin dagar duka a kan maiƙo yake: makami na neman inda zai kama, garkuwa na riƙe da turkenta.

Kammalawa

Ba a Kaduna aka gano turken GPI ba, kuma ba domin ciwon daji Gray ya yi gwajinsa ba. Amma ilimi ba ya sanin inda zai kai mai binsa. Cutar makiyaya da manoman bakin rafi, wadda duniya ke lissafawa cikin cututtukan da aka yi watsi da su, ita ce ta fara nuna surar wani sirri da ke jikin kowane ɗan Adam.

Akwai abin dubawa a nan. Cutar daga ƙasarmu aka yi nazarinta, ƙwayoyin daga jikin ɗanmu aka ɗebo su, amma matakan ƙarshe na binciken a Turai da Amurka aka taka su, maganin kuma ya dawo mana da tsadar da ta fi ƙarfin yawancin iyalai. Wanda ya yi shuka ya bar wa wani girbi, to a kasuwa zai sayi hatsinsa. Idan ana muhawara kan ko ya dace a kashe kuɗi wajen binciken sammore, ko cizon sauro, ko amosanin jini, wannan tarihi hujja ce: babu wanda ya san wace ƙofa cutar talaka za ta buɗe gobe, kuma ya kamata a ce masananmu suna wurin ranar da za ta buɗe.